Irin Ayar da Ka Nema

Tarauni, Kano.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya kai ka Zonkwa lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa aikin da za ka kama ya zama alheri gare ka da waɗanda za ka koyar. Na ce wa innarka ta sa wannan takarda a cikin dardumar sallarka, don na san ita za ka fara warwarewa idan mota ta tsaya a hanya. Ka karanta ta kafin ka isa, kada ka bari sai ka isa.

Za ka yi mamakin me ya sa mutumin da kuke gida ɗaya, kuke cin tuwo a kwano ɗaya, zai zauna ya rubuta maka takarda. Shekara talatin da biyar na yi ina ajiye fayil a ma'aikata, kuma abin da na koya bai wuce ɗaya ba: maganar baki ana iya janye ta, amma abin da ya shiga takarda ya shiga. Ina so wannan magana ta shiga inda ba zan iya janye ta ba.

Makon jiya ka ce in samo maka irin aya mudu biyu, baƙa, manya. Ka ce Maman Ladi ta gaya maka a waya cewa bayan ɗakin da ta ba ka akwai ɗan fili a gefen lambunta, ka yi abin da ka ga dama da shi. Ka ce bai kamata malamin aikin gona ya tsaya gaban ɗalibai ba shi da abin da ya shuka da hannunsa ba, kuma kunun aya yanzu ko'ina ana nemansa. Na ce maka to. Wannan "to" ɗin nake so in warware, domin lambun matar nan ya taɓa mutuwa sau ɗaya a kan aya, kuma ni na kashe shi. Ba ta taɓa ji daga bakina ba.

Kai ka san Maman Ladi a matsayin matar da ta goya ka lokacin da innarka ta yi jinya. Ni na san ta da mijinta, marigayi Malam Yakubu, tun muna haya a Gyadi-Gyadi, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Shi yana koyarwa a firamare, ni ina ma'aikata. Da salla mu kai musu nama, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa, kazar ma sai ya riƙo ta ya kawo mini in yanka don mu iya ci tare. Daga baya muka sami filaye a nan Tarauni, katanga ɗaya ta raba mu, lokacin kana iya tsayawa a ƙofar gida ka hango wajen Hotoro babu ginin da ya tare ka. Kowannenmu ya gina gaban filinsa ya bar baya. Nawa bayan ya zama wurin zubar da toka. Na Maman Ladi ya zama lambu.

Ba ka ga lambun nan ba, ka taso siminti ka tarar. Akwai alayyafo da yakuwa da kuɓewa da gauta da attaruhu, da wani ganye mai ɗaci na miyar garinsu. Ko ruwan wanke-wanke ba ta zubarwa a kwata. Taki kuwa wani dattijo ne daga Ƙauyen Alu, Malam Ado, yake kawo mata a mangala bisa jakinsa. Matan layinmu ba sa zuwa kasuwa neman ganye. A watannin da albashi ya makara, lambun nan ne ya riƙe tukunyarsu, wani lokacin har da tamu.

Kuskurena na farko a tambaya yake. Ganin lambunta ya sa na ji ni ma ya kamata a ce ina da wani abu a bayan gida ban da toka. Ba hassada ba ce, irin ƙyashin nan ne na namiji da ya ga mace ta fi shi amfani da ƙasa. Wani abokin aikina ɗan wajen Daura ya zo ofis da aya yana ci, na tambaye shi yadda ake shuka ta. Ya ce, "Ai ita ba ta da wuya, Malam Isa. Ka jiƙa ta ta kwana, ruwa na sauka ka binne ta, ka manta da ita." Na tambaye shi tazara, na tambaye shi wata nawa take yi, na tambaye shi yadda ake gane ta nuna. Ban tambaye shi yadda ake rabuwa da ita ba. Da na tambaya da ya gaya mini, don a garinsu kowa ya san gonar da aka taɓa yin aya a cikinta ba ta mantawa. Saboda haka, Habibu, duk abin da za ka shigar wuri, shuka ne ko dabba ko aboki ko ɗabi'a, ka fara tambayar yadda ake fitar da shi. Mai ba ka iri ba zai faɗa maka wannan don kansa ba, ba don mugunta ba, don dai ba ka tambaya ba.

Na shuka ayar, ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ganye kore shar, yana sheƙi, har masu wucewa suna leƙe ta katanga. Bayan wata huɗu ganyen ya yi ja ya kwanta, na sa masa wuta yadda aka ce mini, sai tono.

Nan na yi kuskure na biyu. Masu noman aya na gaske suna da rariyarsu mai ƙananan idanu. Suna zama kwana da kwanaki suna tankaɗe ƙasa, su raba aya da tsakuwa, sannan su koma su yi kala. Ni Asabar da Lahadi kawai nake da su, Litinin ina da ofis. Akwai magina suna aiki a bayan layinmu, sai na ari rariyarsu ta tankaɗe yashi. Aiki ya yi sauri ƙwarai. Manyan ayoyi suka tsaya a sama na kwashe, ƙananan kuwa, waɗanda ba su fi ƙwayar dawa ba, suka bi ƙasa suka wuce. Ban duba ba. Kafin la'asar ta Lahadi na cika buhu, ina jin kaina kamar na ci wani gari da yaƙi.

Abin da ya rage shi ne tsibin ƙasa, baƙa saboda tokar ganyen, mai laushi kamar garin tuwo. Maman Ladi ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, Malam Isa! Wannan ƙasa haka, kamar a tuƙa a ci. Me za ka yi da ita?"

Na ce, "Kwashe ta duka, Maman Ladi. Ni tsare mini wuri ma ta yi."

Ban bari ta kwashe ba. Ni da kaina na ɗauki baro na tura mata, sawu bakwai, na baza a kan kowane fangali na lambun. Ta yi ta sa mini albarka, ta aiko wa innarka da kwando cike da ganye. Ranar na ji daɗin kaina fiye da kima. Ka riƙe wannan: kyauta ma ana tankaɗe ta kafin a miƙa. Kyakkyawar niyya ba ta canza abin da ke cikin baro. Kuma duk aikin da aka ce yana cin mako, ka ga ka gama shi a kwana biyu, kada ka yabi kanka tukuna, ka duba me ya zube ta ƙasa. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Ruwan farko na shekarar da ta biyo ya sauka, bayan kwana kaɗan Maman Ladi ta aiko a kira ni. Ta ce tunda yanzu ni ne manomin layi, in zo in ga wata ciyawa da ta fito mata. Na shiga. Ta fito ko'ina, tsakanin alayyafo, gindin kuɓewa, bakin kwata, tsaye kamar an shuka ta da igiya. Na tsuguna na tuge guda. Na murza karan a tsakanin yatsuna na ji kusurwa uku, na duba saiwar na ga 'yar ƙwaya maƙale. Babu abin da ban gane ba.

Ta ce, "Mece ce, Malam?"

Na ce, "Ciyawa ce kawai. Sa mata fartanya."

Wannan shi ne kuskure na uku, kuma shi kaɗai ne ba zan iya jingina wa rashin sani ba. Cewa fartanya ba ta kashe aya, sai dai ta sare kanta ta bar ƙwayar a ƙasa ta sake fitowa da 'yan'uwanta, wannan daga baya na sani. Amma cewa tawa ce, a take na sani. Kunya ce ta hana ni faɗa, da girman kai. An yi wata shida ana ba da labarin ƙasar da Malam Isa ya tura da hannunsa, ban iya in ce abin da na tura ke nan ba.

Da na dawo gida innarka tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, wannan fa ayarka ce."

Na ce, "An rubuta sunana a jikinta?"

Ta ce, "A'a. Amma Allah ya iya karatu ko ba a rubuta ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Abin da na lura kawai shi ne daga ranar ta daina aikawa a tsinko mata ganye a gidan, ta koma kasuwa.

Na ɗauka shiruna zai tsaya a kaina. Bai tsaya ba. Maman Ladi ta yi ta tunanin inda ciyawar ta fito, ba ta ko kawo ƙasata a ranta ba, don ta ga an ƙona, an tankaɗe. Sai ta tsaya a kan taki. Wata safiyar Asabar Malam Ado ya zo da jakinsa, ina zaune a ƙofar gida a kan tabarma da rediyona. Ta tare shi tun kafin ya sauke mangala. Ta ce ya kawo mata takin bola mai cike da mugun iri ya kashe mata lambu, kada ya ƙara tako mata ƙofa.

Tsohon ya ce, "Haba Madam. Shekara nawa ina kawo miki? Kashin awakina ne da tumaki, wallahi ban haɗa da komai ba." Sai ya juyo wajena ya ce, "Malam, kai shaida ne. Ka taɓa ganin na kawo mata abin banza?"

Na ce, "Allah dai ya kyauta." Na ƙara wa rediyo murya.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya kaɗa jakinsa da kayan a kai ya juya. Labari ya bi layi. Gidajen da ke karɓar taki a wajensa don bishiyoyinsu da 'yan shuke-shukensu duk suka daina. Bai sake shigowa layinmu ba, sai dai in hango shi ya bi ta baya. Rasuwarsa ma ban ji ba sai bayan an yi arba'in. Shi ba ni da inda zan same shi in nemi gafara, sai addu'a da sadaka, kuma ban san ko sun isa ba. Ka sani, Habibu, laifi ba ya zama a iska. Idan mai shi bai ɗauka ba, yana sauka a kan wanda ya fi kowa rauni a wurin. Duk ranar da aka ce maka "kai shaida ne", ka san ba a ba ka zaɓin yin shiru ba.

Damina uku Maman Ladi ta yi tana faɗa da ayar nan. Ta yi noma, ta yi tono, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya tana jefawa a gwangwani. Ta sa magani, ya ƙone ganyen, bayan mako uku sabo ya fito. Alayyafonta ya koma ƙanana, kuɓewa ta daina 'ya'ya yadda ta saba, don ayar ta riga su ga ruwa da taki. Ina ganinta ta katanga. Wani lokacin har in ce mata sannu da aiki. A shekara ta huɗu gwiwoyinta suka gaza, Malam Yakubu ya kira magina suka malale wurin da siminti. Nawa bayan gidan ma haka ya ƙare, a kansa na gina ɗakin da kake kwana. Ciyawar nan da innarka ke sa ka tugewa a gindin tagarka duk damina, kana mita, jikar waccan ce. Shekarunta sun fi naka.

Ranar da za su koma gida Zonkwa bayan Malam Yakubu ya yi ritaya, an gama loda kaya a mota, Maman Ladi ta fito da gora ta miƙo mini. Kunun aya ne, mai sanyi, da dabino da citta. Ta ce, "Sha, Malam Isa. Daga lambuna ne, ɗan gefen da siminti bai kai ba. Ita kaɗai ta yarda ta zauna da ni." Ta yi dariya. Har yau ban san ko dariyar wadda ta sani ba ce ko ta wadda ba ta sani ba. Na shanye shi tas a tsaye. Ya yi daɗi, abin haushin ke nan.

Kuskure na huɗu ba shi da rana ɗaya, shi ne jinkiri. Kowace shekara ina cewa zan faɗa, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Da Malam Yakubu ya rasu na tafi Zonkwa ta'aziyya da niyyar in sauke ta. Na ga sabon lambun da ta yi a bayan gidansu, ya fi na Tarauni, na zagaya shi ina duba ƙasa kamar mai neman allura, ban ga ko tsinken aya ɗaya ba. Na dawo na zauna ina jiran mutane su ragu. Sai ta nuna ni ga 'yan'uwanta ta ce, "Kun ga wannan? Babban ma'aikaci ne a Kano, amma da hannunsa ya taɓa tura mini ƙasa a baro." Suka yi ta gode mini. Na karɓi godiyar, na hau mota na dawo. Neman afuwa da cire aya hanyarsu ɗaya: tana ƙarama da yatsa biyu ake tuge ta, idan ta yi 'ya'ya a ƙasa sai ka nemi mai taya ka. Idan ka ɓata wa mutum, ka faɗa masa a makon, tun kana jin kunyar abu ɗaya. Ni yanzu kunyar abu biyu nake ji, abin da na yi da shekarun da na yi ban faɗa ba.

Ban ce kada ka taɓa shuka aya ba. Abinci ce mai albarka, ba ta yi wa kowa laifi ba, halinta kawai take yi. Na kuma san kun karanta ta a makaranta da wani dogon suna na boko, ka fi ni sanin littafinta. Ni ta ƙasa na sani. Idan za ka yi, ka yi ta a buhuna ko rabin duro, ka jera a kan siminti, nesa da fangalin kowa. Ƙasar da ka tono ta a ciki kada ta bar wurin, kada ka ba kowa, ko ya roƙe ka. Ka nemi rariyar da ta dace, ka ba aikin kwanakinsa. Duk inda ka ga ta tsere ta fito, ka tono ta da ƙwayarta tun ganyenta bai yi yawa ba, kada ka sare. Inuwa ce kaɗai na ga aya tana tsoro, saboda haka wurin da ta kama a rufe shi da dankali ko wake mai yaɗo. Ka kuma tuna ruwan can ya fi na Kano yawa da daɗewa, abin da ya yi tafiya a nan, can gudu zai yi. Fiye da duka, filin ba naka ba ne. Wanda ya ce ka yi abin da ka ga dama da wurinsa, yarda ya ba ka, ba wurin ba. Ka mayar da shi yadda za a iya shuka wani abu bayanka.

Sauran ka sani. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ba tare da ka takura wa masu gida ba. Ranar Lahadi idan za ta coci ka tambaye ta ko akwai abin da za ka kama mata kafin ta dawo. Ta tsufa, kada ka bari ta ɗauki bokitin ban-ruwa kana zaune. Ka kira ta Mama, don ta ci sunan.

Yanzu maganar irin da ka nema. Yana cikin jakarka, a baƙar leda, mudu biyu cif, baƙa, manya, yadda ka ce. Na sa innarka ta soya shi. Ko ka binne shi shekara ba zai tsiro ba. Ka ci a hanya, ka ba na kusa da kai a mota, ka kai wa Maman Ladi sauran a matsayin tsaraba. Innarka ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai dube ni, ta ɗora kasko.

Ba na so ka nema mini gafara, ba a aiken wannan. Abin da nake so shi ne idan ka isa, ka gaisa, ka ci abinci, ka huta, sai ka kira ni ka miƙa mata wayar. Ka tsaya a wurin, kada ka fita. Na san kaina. Idan na ji muryarta zan fara tambayar gwiwa da ruwan sama da jikoki, in yi sallama. Shi ya sa na rubuta maka duka tun yanzu: idan ka ji na kama hanyar sallama ban faɗa ba, ka karɓi wayar ka ce, "Baba, saura maganar baro." Na ba ka izini. Idan ta ji komai, daga bakina, sannan ta ce ka shuka aya a gidanta, ka aiko in samo maka ɗanyen iri. Idan ta ce a'a, ka shuka abin da ta ce. Idan kuma ta ce ba ta son ganin ɗan Malam Isa a ɗakinta, ka yi mata godiya ka nemi haya, kada ka ga laifinta.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka zama ɗaya daga cikinsu. Allah ya jiƙan Malam Ado, ya yafe mini. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka, garin akwai sanyi.

Wayata tana aljihuna, na cika mata caji.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa